Risibata tana kashe kanta in na ɗaga sauti, sifikun 4 ohm ne matsalar?

Baban_Khalifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana kayan sauti ku taimaka min da shawara kafin in yi asara, dan wallahi abin nan ya fara damuna.

Wata biyu da suka wuce na sayi risiba, wato amfilifayar hom tiyata da ke tura sauti ga sifiku, tokumbo mai layi bakwai, irin 7.1 ɗin nan, a wajen wani mai kayan hannu a Sabon Gari, an gwada min ita a shago tana aiki lafiya lau. 'Yar Amurka ce, wutar 120 take sha, dan haka na haɗo da taransifoma mai rage wuta wacce aka rubuta 500 wat a jikinta. A bayan risibar, daidai inda ake ɗaura wayoyin sifika, an rubuta 6 zuwa 16 ohm. Bayan kamar sati biyu kuma sai na samu dogayen sifiku guda biyu, irin masu tsayawa a ƙasa, kowacce wufa biyu masu fitar da bes da tuwita ɗaya mai fitar da siririn sauti, sautinsu kam ba magana, to amma takardar da ke manne a bayansu 4 ohm ta ce, sai kuma 88 dB. Na tsakiya da na baya kuwa daga tsohuwar hom tiyata ɗinmu na ciro su, wacce kan ya lalace tun bara, ƙananan nan baƙaƙe, su kuma 3 ohm aka rubuta.

To ga abin da ke faruwa. In labarai ake ji ko karatu ko yara na kallon katun a hankali, wuni za ta yi ba abin da ya same ta. Amma da zarar na saka fim ko ƙwallo da daddare na ɗaga boliyum ya kai wajen -15, ba ta wuce minti talatin zuwa arba'in sai ka ji ƙas, ta ɗauke, jar fitila ta kama ƙiftawa, kuma yawanci daidai wajen da aka yi harbi ko fashewar wani abu take yi. In ka taɓa samanta zafi kamar murfin tukunya, ba ka iya barin hannunka a kai. Sai na bar ta ta huce na minti goma sannan ta yarda ta tashi. Jiya sau biyu ta yi.

Na tambayi mutum uku kowa da tasa. Mai gyaran unguwarmu ya ce in kawo ya saka wa kowacce doguwar sifika rezisto mai 4 ohm ta koma 8, shi ke nan. Wani abokina ya ce ba ma sai an yi haka ba, akwai wani saiti a cikin menu da ake mayarwa 6 ohm ko 4. Na ukun cewa ya yi in sayar da sifikun kawai dan ƙarshenta sai sun ƙona min risibar. Ni kuma gaskiya ina son sifikun nan, na daɗe ina tara kuɗinsu. Shin dole ne sai na rabu da ɗaya daga ciki, ko akwai yadda za su zauna tare? Allah ya saka da alheri.

Dan_Fagge

Wa'alaikumus salam Baban Khalifa. Kar ka kai wa mai gyara tukunna, kuma kar ka ƙara ƙure ta har sai an gano bakin zaren, dan kowane ɗaukewa da take yi kare kanta take, kuma ba kullum ake dace ba.

Abu uku nake so ka faɗa mana. Risibar a ina take zaune, a fili ko cikin durowar talbijin? Sannan ba ka ambaci sabwufa, akwatin bes ɗin nan, ba sam, ita ta tsohuwar hom tiyatar tana ina, ka haɗa ta ko ka ajiye? In ka haɗa, a wane rami ka saka wayarta? Na ƙarshe ka haska tocila a bayan risibar ka duba ko akwai silin waya ko ɗaya da ya tsallake daga ja ya taɓa baƙi ko ya taɓa ƙarfen jikinta, dan na sha ganin sili ɗaya tal ya hana mutum barci, sai bes ya girgiza wayar ya taɓa ta ɗauke.

Baban_Khalifa

Na gode Malam Dan Fagge. Na duba yanzun nan, ba silin da ya fita, wayoyin a ɗaure suke tsaf. Risibar tana cikin durowa mai ƙofar gilashi saboda yara da ƙura, dikoda na zaune a kanta, ita ma taransifomar tana nan ciki daga gefe.

Sabwufar kuwa na haɗa. Ita waya biyu ce da ita ja da baƙi kamar sauran, ba ta da fulogin wuta, ramin sabwufa na risibar kuma irin zagayayyen nan ne na RCA, na yanka wata waya na jona ba ta yi ko tari ba, shi ne na ɗaura ta tare da doguwar sifikar hagu a rami ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, kuma ta yi, bes ya ƙaru sosai. A ƙasanta ita ma 3 ohm aka rubuta. Akwai ma ragowar ƙananan guda biyu da ban haɗa ba suna kwali.

Injiniya_Tudunwada

To ai ka gama ba da amsa da kanka ɗan'uwa. Kafin komai je ka kwance sabwufar nan daga ramin hagu, yau ba gobe ba. Sifika biyu in aka ɗaura su ja da ja baƙi da baƙi ohm ɗinsu ba ƙaruwa yake ba, raguwa yake. Lissafin shi ne ka ninka su ka raba da jimlarsu, 4 sau 3 sha biyu, raba da 7, ya ba ka kamar 1.7 ohm. Ka ga layin da aka ce kar a saka masa ƙasa da 6 kai ka ɗora masa ƙasa da 2, kuma a wajen bes, inda aka fi jan wuta. Da ba ta da na'urar kariya da tuni taransistocin layin hagu sun tafi.

Bari in ɗan warware maka abin dan ka riƙa ganewa da kanka. Ohm ɗin nan ma'aunin yadda kaya ke tare wuta ne, ƙaramar lamba tana nufin kayan ya fi zuƙa. Ɗauki soket ɗin ɗakinka, wutar 230 ce ko me ka jona. Ƙwan fitila mai 60 wat kusan 880 ohm ne, dutsen guga mai 1000 wat kuwa kamar 53 ohm, shi ya sa ƙaramin janareto zai riƙe ƙwai goma yana tafiya sumul amma ka jona guga ka ji ya yi nishi ya durƙusa. Amfilifayar da ke cikin risiba haka take. In ta tura bolt 20 ga sifika mai 8 ohm amfiya 2.5 za a ja, wato 50 wat. Bolt 20 ɗin dai ga mai 4 ohm amfiya 5 ne, 100 wat. A haɗinka na 1.7 kuwa kusan amfiya 12 ake nema daga layi ɗaya. Ita wannan amfiyar ce ke bi ta cikin taransisto ta zama zafi, kuma taransifoma ɗaya ce a ciki take ciyar da duk layukan bakwai.

Sai kuma ka san cewa 4 ɗin da aka rubuta ba a tsaye take ba, tana hawa tana sauka da irin sautin da ke fita. A wani wurin sifikar za ta kai 15 ko 20 ohm, a wani wurin ta faɗo ƙasa da 4. Ƙa'idar IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta ce bai kamata mafi ƙanƙantar ta gaza kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta ba, wato mai 4 kar ta gaza 3.2, mai 8 kar ta gaza 6.4, amma ba kowane kamfani ke bi ba, akwai sifiku da yawa da aka rubuta 8 a bayansu alhali suna sauka har wajen 4, kuma mutane na amfani da su a kan risiba irin taka shekara da shekaru ba su ma sani ba. Na faɗi wannan ne dan hankalinka ya kwanta, 4 ohm ita kaɗai a rami, da iska mai kyau da boliyum na hankali, yawancin risibu masu nauyi suna riƙe ta. Ban ce maka ba haɗari ko kaɗan ba, tunda kamfanin 6 ya rubuta, amma ba shi ne ke kashe maka ita yanzu ba.

Wannan 88 dB ɗin ma, wato ma'aunin ƙarfin sautin da sifikar ke fitarwa, akwai magana a ciki. Yawanci da bolt 2.83 ake aunawa a tazarar mita ɗaya. Ga mai 8 ohm wannan wat ɗaya ne cif, amma ga mai 4 ohm wat biyu ne, dan haka in da wat ɗaya za a auna taka 85 za ta bayar. Kuma kowane ƙarin 3 dB sai ka ninka wat, ƙarin 10 dB kuwa, wanda shi ne kunne ke ji kamar sautin ya ninka, wat sau goma yake ci. Shi ya sa labarai ba sa damun ta, a falo kana zaune mita uku wat ɗaya zuwa biyu ya isa a ji magana raɗau, amma fim in aka zo fashewa sautin na iya tsalle da 20 dB a kan na magana, wato wat sau ɗari a cikin ƙiftawar ido. Daga -25 zuwa -15 a boliyum ɗinka ba ƙaramin tsalle ba ne, ninki goma ne.

Batun rezisto kuwa kar ka yarda. E, risibar za ta ga 8, amma rabin wutar a jikin rezisto zai ƙone ya zama zafi a banza, sai ka ƙara ɗaga boliyum dan ka maido abin da ya ɓata. Sannan tunda ohm ɗin sifikar hawa da sauka yake shi kuma rezisto a tsaye yake, rabon wutar zai bambanta daga sauti zuwa sauti, bes ya zama sakwa-sakwa, muryar sifikar da ka saya dominta ta canza. Kuma ba ƙaramin rezisto na cikin rediyo ba ne zai ɗauki wannan aiki, sai manyan nan masu rigar alminiyam.

Sabwufarka ba ta da amfilifaya a cikinta, a kan tsohuwar hom tiyatar amfilifayarta take. Ramin RCA ɗin risiba kuma siginal kawai yake fitarwa ba ƙarfi, shi ya sa ba ta yi motsi ba. Ko dai ka samo mata ƙaramar amfilifaya mai layi ɗaya wacce aka rubuta tana ɗaukar 2 ohm, ka ciyar da ita daga ramin RCA ɗin, ko ka tara ka sayi sabwufa mai fulogin kanta, wanda shi na fi so maka. Ranar da ka samu sai ka shiga saiti ka mayar da dogayen Small duk da girmansu, ka sa kurosoba, wato iyakar da ake raba sauti, a 80 Hz, duk bes ɗin da ke ƙasa da haka ya koma kan sabwufa, risibar ta sauke babban kaya daga wuyanta.

Mai_Gidan_Kallo

Sallama gare ku. Injiniya ya yi bayani Allah ya ƙara basira, ni ba boko na yi a kai ba amma shekara tara ina riƙe da gidan kallon ƙwallo kuma risiba biyu na binne kafin in yi hankali da abin, dan haka bari in faɗi wanda na gani da idona.

Baban Khalifa wannan durowar taka ita ce maƙiyinka na biyu. Ka duba saman risibar za ka ga ramuka ne jere, ta nan zafi ke fita, kai kuma ka ɗora dikoda ka toshe, ka kawo taransifoma mai nata zafin ka ajiye a gefe, ka rufe da gilashi. Waɗanda suka ƙera ta a ɗaki mai sanyi suka gwada, mu kuwa a watan Maris da Afrilu a Kano zafi na kai 40 a waje, ɗakin da ke da kwano ba silin mai kyau kuwa sai wanda ya shiga. Tawa ta farko haka ta tafi, ranar wasan dare ne ɗaki cike, ina jin wani wari kamar roba na ƙonewa kafin in tsallake benci in kai hannu ta yi shiru, da aka buɗe sai ga ƙurar hunturu ta yi kauri a kan ƙarfen da ke shan zafi kamar an shimfiɗa bargo. Tun daga nan duk wata uku nake kwance murfi a busa min da bulowa, kuma na ɗora fankar kwamfuta mai inci biyar a saman ramukan tana zuƙo iska sama, da cajar 12 bolt take aiki, in ka ba ta 9 ma ta fi shiru. Wallahi bambancin a hannu kake ji. Taka tunda tokumbo ce ba ka san shekara nawa ta yi tana shan ƙura ba, a busa ta, amma a cire fulogi tukunna kuma wanda ya san aiki ya buɗe.

Sai taransifomar. Duba bayan risibar kusa da wayar wuta za ka ga wat ɗin da take ci, irin masu layi bakwai yawanci tsakanin 400 da 600 ne. Taransifomar kasuwa da aka rubuta 500 ba na yarda ta riƙe 500 wuni guda, ni ninki biyu nake saya. Kuma ita rabi kawai take yi, in NEPA ta kawo 230 ta ba ka 115, in aka kawo mai rauni 180 to 90 risibarka ke samu, sai sautin ya fara tsagewa tun ba ka je ko'ina ba a boliyum, wannan tsagewar kuma ita ke cin tuwita. Sitabilaiza a gaba, taransifoma a bayanta.

Inda ban bi Injiniya ba, ko in ce bai taɓo ba, shi ne saitin da abokinka ya faɗa. Ni tawa a 6 ohm na sa ta kamar yadda littafinta ya ce, kuma ta rage zafi sosai. Ina ganin kai ma ka sa.

Injiniya_Tudunwada

Alhaji Mai Gidan Kallo maganarka ta zafi da ƙura gaskiya ce ɗari bisa ɗari, har ma in ƙara, kayan Amurka na 60 Hz ne mu kuma 50 muke da shi, taransifomar da aka naɗa dan 60 in ta sha 50 ta fi ɗumi ko da bolt ɗin daidai ne, dan haka tasa tana da ƙarin dalilin neman iska.

Saitin kuwa da gangan na bar shi dan yana son nasa bayanin. Mutane na ɗauka in ka sa shi a 4 ko 6 risibar ƙarin ƙarfi take samu dan ta iya da sifikar. Ba haka ba ne, rage bolt ɗin da ke zuwa wa amfilifaya yake yi, wato ya saukar da rufin ƙarfinta dan kar ta yi zafi fiye da ƙa'idar gwajin lafiyar kaya. Shi ya sa ka ga taka ta yi sanyi. Kuɗin da ka biya shi ne ta fi saurin kaiwa maƙura, in fashewa ta zo sai ta yanke kan sautin, wannan tsagewar da kai da kanka ka ce tana cin tuwita. Dalilin ke nan da masu auna kayan nan da yawa ke cewa a bar shi a 8 a nemi sanyi ta hanyar iska.

Amma ban ce ka yi kuskure ba. A gidan kallo awa shida a jere, ɗaki cike da mutane, yaro ne ke riƙe da rimot, sharhin ƙwallo kuma ba shi da tsalle irin na fim, nima a 6 zan sa. Kuma kamfanonin da kansu sun tanadi abin, a littafin wasu Yamaha an rubuta cewa in ka zaɓi 6 ohm za ka iya saka masu 4 a gaba hagu da dama, Onkyo na da zaɓin 4 ohm a menu, Denon na 'yan shekarun nan ma 4 zuwa 16 suke rubutawa a baya. Shi Baban Khalifa sai ya gwada, ya fara da 8 bayan ya gyara haɗin ya fito da ita fili, in bayan awa ɗaya na fim yana iya ajiye tafin hannunsa a kanta ya ƙirga goma to ya bar ta, in har yanzu tana ƙuna ya sauke saitin ya haƙura da ɗan ƙarfin.

Ƙananan masu 3 ohm su ne ban natsu da su ba. An yi su ne dan amfilifayar da suka zo da ita. Amma ka ce akwai biyu a kwali, to ga dabara, kowane gefe na baya ka sa biyu a jere, wato jar risiba zuwa jar ta farko, baƙar ta farko zuwa jar ta biyu, baƙar ta biyu ta dawo baƙar risiba. A irin wannan haɗin ohm taruwa yake, 3 da 3 shida, ka shiga cikin abin da aka rubuta, kuma tunda iri ɗaya ne sautinsu ba zai lalace ba. Ka sa su Small, kurosoba 120 ko 150 dan ba za su iya 80 ba. Ta tsakiya ita ce ke ɗauke da kusan duk maganar fim, aikinta ya fi na baya yawa nesa ba kusa ba, ni da ni ne cire ta zan yi in sa Center a None, risibar za ta raba maganar ga dogayen biyu, kuma ina tabbatar maka sun fi wannan 'yar ƙaramar murya.

Dan_Fagge

Abu ɗaya da ba a taɓa ba shi ne waya. A 4 ohm siririyar wayar da ke zuwa da hom tiyata ba ta yi, ana so abin da wayar ke tarewa kar ya wuce kamar kashi 5 cikin ɗari na sifikar, wato 0.2 ohm. Jan ƙarfe zalla mai 1.5mm zai kai ka wajen mita takwas, mai 2.5mm wajen sha uku. Ba sai ka sayi mai tsada a leda ba, fuleksibul ta masu wayarin gida ta isa, sai dai ka kankare bakin da reza ka gani, in cikin ya fito fari to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ita sai ka ƙara kauri.

In kana da mita ka auna kafin ka jona komai, ka cire wayar daga risiba ka ɗora a ohm mafi ƙanƙanta. Kar ka tsorata in mai 4 ta nuna 3 da wani abu, haka suke, mita ƙasa da abin da aka rubuta take nunawa. Ka fara haɗa bakunan mitar biyu ka ga nawa suke ci su kaɗai ka cire daga lissafi.

Sannan ka leƙa bayanta ko akwai ramukan RCA da aka rubuta Pre Out na Front, masu fitar da siginal na sifikun gaba zuwa wata amfilifaya. In akwai to ka huta, duk ranar da aljihu ya yarda sai ka sayi fawa amf daban ta riƙe dogayen, risibar ta ji da na baya kawai. Irin Crown XLS 1002 tana ba da 350 wat kowane layi a 4 ohm, har 2 ohm tana ɗauka, kuma tana da ramin RCA. Amma ba gaggawa, gyara na kyauta tukunna.

Baban_Khalifa

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, Allah ya jiƙan iyaye. Na dawo da rahoto bayan kwana huɗu.

Na aro mita a wajen maƙwabcina mai wayarin. Kafin in kwance komai na auna wayoyin ramin hagu yadda suke a haɗe, bayan na cire na bakunan mitar 1.4 ya rage, na dama kuwa 3.3. Da na ga haka jikina ya yi sanyi wallahi, nan take na cire sabwufar na kai ta ɗaki, hagun ma ya dawo 3.3. Na baya na haɗa su biyu-biyu yadda Injiniya ya ce, kowane gefe ya nuna 5 da ɗan wani abu. Ta tsakiya na cire na sa None, da farko na ji wani iri amma in ina zaune a tsakiyar kujera maganar daga talbijin take fitowa sak, uwargida ma ta ce yanzu ta fi jin abin da ake faɗa.

Risibar na fito da ita saman durowa, dikoda ta koma ciki, an busa min ita kuma ƙurar da ta fita ba a magana Alhaji, fankar ma na samu a wajen masu gyaran kwamfuta na ɗora. A bayanta 480 wat aka rubuta, dan haka taransifomar 500 ɗin ba ta da wani sarari, na sa a nemo min mai 1000, kafin nan ba na wuce -22. Saitin na bar shi a 8. Daren jiya na kalli fim na awa biyu da rabi bai ɗauke ba ko sau ɗaya, da aka gama na ɗora hannu na ƙirga har ashirin, ɗumi ne kawai.

Pre Out kuwa na duba, na sabwufa kaɗai gare ta, babu na Front. Yanzu tunda na sa Subwoofer a None ta ƙi barin in mayar da dogayen Small, a Large suka tsaya, ina fata haka ya kamata ta yi. An nuna min wata sabwufa mai fulogin kanta inci goma ita ma 'yar 120 ce, an rubuta 150 wat a bayanta, shin in ɗora ta a kan taransifoma mai 1000 ɗin tare da risibar ko ita ma a nema mata tata daban?